Babi na Uku: Ɗan Wa Ke Cikin Sheƙar Hankaka?

Daga saman benen da nake haya a Gyaɗi-Gyaɗi, in ka juya gabas kana hango wani dogon ƙarfen sabis na wayar salula. Bana da bazara hankaki biyu suka zaɓe shi. Kwana da kwanaki suna jigilar ƙirare da guntayen waya, har da wani abu mai kama da mariƙin bokiti, suna jibgewa can ƙololuwa inda ba yaron da danƙonsa zai kai. Ni kuma na mai da kallonsu abin yi tsakanin dawowa daga sallar Asuba da lokacin da 'yan adaidaita sahu za su cika titin Zariya da ƙara.

Wata safiya dattijon da ke gadin gidan ya hau shanya tabarmarsa, ya tarar da ni da madubin hangen nesa a ido.

"Malam, lafiya? Me ake nema a sama?"

"Baba, sheƙar hankaka nake dubawa. So nake in gane ko an yi ƙwai."

Ya yi dariya har da tafa hannu. "Haba Malam, da karatunka! Hankaka yana da ɗa nasa ne? Ba ka san kirarinsa ba? Mai da ɗan wani naka."

Na san kirarin, kamar yadda kowane Bahaushe ya san shi. Ana yi wa mutumin da ya rungumi ɗan riƙo, ana kuma yi wa wanda ya iya haɗiye kayan mutane. Bayanin da muka taso da shi kuwa shi ne, wai hankaka ba ya ƙyanƙyasa, sai dai ya sato ɗan wani tsuntsu ya rene shi. Na daɗe ina ajiye wannan magana a kwando ɗaya da labaran Gizo da Ƙoƙi. Ashe akwai gaskiya a cikinta, sai dai an ɗora mata riga a bai-bai.

A Sakkwato aka warware zaren. Wasu Turawa biyu da suka zauna a can a farkon shekarun 1970, Peter Mundy da A. W. Cook, sun ɗauki sheƙun hankakin garin a matsayin aikin yi. Suna leƙa sheƙa, su ƙirga abin da ke ciki, su rubuta, su dawo. Rahotonsu ya fito a 1977 a mujallar Ostrich ta masana tsuntsaye da ake bugawa a Afirka ta Kudu. Hankaka yana yin ƙwai, yana kwanci, yana ƙyanƙyasa kamar kowane tsuntsu. Amma akwai wani tsuntsu mai dogon bindi da tukku a ka da ɗigon fari a fukafukai, wanda masana ke kira Clamator glandarius, shi kuwa bai taɓa saƙa sheƙa ba. Macensa takan faki ido ta saka ƙwanta cikin na hankaka. Ƙwan nata ya fi saurin fashewa, don haka ɗanta kan riga 'ya'yan gida buɗe baki, hankaka kuma ya yi ta ɗura masa abinci har ya yi fiffike.

A ganina, mutumin da ya fara yin wannan kirari ya hau bishiya ne ya ga ɗan tsuntsu a sheƙar hankaka wanda ko kusa bai yi kama da hankaka ba. Idonsa bai yi masa ƙarya ba. A wajen yanke hukunci ya zame: ya ce ga ɓarawo, alhali mai gidan ne aka yi wa kutse. Da ya sake hawa bishiyar tun ana ƙwai, ya ga jiya huɗu yau biyar, na biyar ɗin kuma ya fi sauran ƙanƙanta, da wani kirarin daban muka gada. Mutanen Sakkwaton nan sun fi shi da abu guda, wato komawa gobe, da jibi, da gata, da ɗan littafi a aljihu.

Duk wannan babi a kan wannan komawa yake.

* * *

Daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Gidan Zoo tafiyar ƙafa ce. Tun farkon shekarun 1970, zamanin Gwamna Audu Bako, nan ne yawancin yaran Kano suke fara haɗa ido da zaki da kura da jimina, musamman a hutun Sallah. Ni ma a nan na fara. Keji yana koya wa yaro girman dabba da launinta da warinta, kuma ba ƙaramin ilimi ba ne. Amma halin dabba amsa ce ga tambayoyin da rayuwa ke yi mata kullum: ina ruwa, ina abinci, wa zai cinye ni, yaushe zan haihu? A cikin keji mai ba da abinci ya riga ya amsa su duka. Wanda yake son jin amsar dabbar da kanta sai ya bi ta inda ake yi mata tambayar.

Ƙasa irin tamu kuwa tambayarta da zafi take zuwa. Ruwan Kano yana sauka ne cikin wata huɗu zuwa biyar, sauran bakwai ko takwas ko ɗigo babu. In ka nausa arewa, Daura, Damagaram, Tanut, daminar sai ƙara tsukewa take. Kowace halitta a nan tana da dabarar tsallake rani. Kwaɗo ya binne kansa a laka. Gawo ya juya lissafi, ya zubar da ganye da damina ya yi kore da rani. Shamuwa ta tattara ta yi gabashi da kudancin Afirka, ba a sake ganinta sai hadari ya fara haɗuwa. Shi ya sa masu nazarin halayyar dabbobi suke son busasshiyar ƙasa. Duhuwa ba ta rufe ido, wuraren shan ruwa ƙidayayyu ne, kuma abin da dabba ta yi daidai ko ta kuskure yakan bayyana cikin shekara guda.

Matsalar farko da mai wannan aiki yake cin karo da ita mai ban dariya ce: tsuntsaye sun yi kama da juna. In ka ga kurciya a kan katanga yau, gobe ka ga kurciya, ba ka da hujjar cewa ita ce ta jiya. Maganin da aka samo shi ne zobe. Ana kafa wata siririyar raga da ido bai cika gani ba, tsuntsu ya faɗa, a ciro shi a hankali, a auna nauyinsa da tsawon fiffikensa, a maƙala masa zoben ƙarfe mai lamba. In ana son gane shi daga nesa sai a ƙara zobban roba masu launi, wannan ja a kan shuɗi a ƙafar dama, wancan fari a kan kore a hagu. Daga ranar ya tashi daga "wani tsuntsu" ya zama wane ɗan wane.

Da wannan dabara Hilary Fry, malami a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a shekarun 1960, ya bi wasu tsuntsaye koraye masu jan maƙogwaro, masu cin ƙudan zuma, da ke haƙa ramukan sheƙa a gaɓar rafi da bangon kwazazzabo. Ya tarar a ramuka da yawa ba uwa da uba kaɗai ke kawo abinci ba, akwai na uku. A 1972 ya buga bayanin a mujallar Ibis ta Ingila, ya kuma nuna cewa irin wannan reno na taron dangi ya fi yawa a tsuntsayen ƙasashe masu zafi fiye da yadda masanan Turai suka zata, su da suka gina iliminsu a kan tsuntsayen ƙasarsu.

A Kano ma an yi irinsa. Roger Wilkinson, wanda ya koyar a Jami'ar Bayero kafin ya koma gidan namun daji na Chester a Ingila, ya zaɓi wani tsuntsu da duk wanda ya saba bin gonakin bayan gari ya sha gani yana tsince-tsince a ƙasa: kai ruwan toka, ƙirji kore mai ƙyalli, ciki ja kamar sabuwar tukunya, ido fari. A lokacin masana na kiransa Spreo pulcher. Yana tula sheƙar ciyawa a bishiya mai ƙaya, irin su aduwa. Bayan an sa musu zobba sai tsarin zamansu ya fito fili. Ƙungiya-ƙungiya suke, kowace da yankinta da take karewa, a cikinta akwai ma'aurata fiye da ɗaya, sannan ga waɗanda ba su yi sheƙa ba suna kai abinci sheƙar wasu. Wannan ya fito a mujallar Animal Behaviour a 1982.

Bahaushe zai ce ai gandu ke nan. 'Ya'ya sun girma amma ba su ware ba, suna noma gonar uba suna jiran ranar da za a yanka musu tasu. Kamancen ya yi kyau har yana ba ni tsoro, domin irin wannan saurin kamance ne ya sa aka yi wa hankaka sharri. Tsuntsu bai san zumunci ba, bai san gori ba. Bayanin da masana suka fi dogara da shi ya samo tushe daga lissafin W. D. Hamilton na 1964: ƙaninka uwa ɗaya uba ɗaya yana ɗauke da rabin irin gadon jinin da ke jikinka, daidai da ɗan cikinka, saboda haka a shekarar da ba ka da wurin kafa taka sheƙa, renon ƙani ba asara ba ne. To amma ban yar da maganar gandun gaba ɗaya ba. Inda abinci ke zuwa a gurguje ya wuce a gurguje, yawan hannu yana da rana, ko a gona ko a kan aduwa.

* * *

Tsuntsun da ya fi kowane shan tsinuwa a Arewa shi ne jan-baki. In ka bi titin Zariya ka wuce Unguwa Uku, kafin awa guda kana Kura da Kadawa, inda za ka ga yara a bakin fadamun shinkafa tun sanyin safiya, da majajjawa, da igiyoyin da aka rataya wa gwangwanaye, suna ihu har murya ta dushe. A kwarin Haɗeja da Nguru da Gashuwa abin ya fi haka muni. Tsuntsun ɗan mitsitsi ne, nauyinsa wajen giram 20. Da damina namijin kan yi baƙar fuska kamar an shafa masa shuni, macen kuma bakinta ya koma rawaya. Yawansa ne bala'in. Ana ƙiyasta akwai kimanin biliyan 1.5 a Afirka, ba wani tsuntsun daji a duniya da ya kai shi. Ana kuma ƙiyasta guda ɗaya na iya ɓata giram 10 na tsaba a wuni, tsakanin wanda ya haɗiye da wanda ya kakkaɓe. Yi lissafi: garke mai miliyan ɗaya, tan 10 ke nan kafin Magariba.

Tun zamanin mulkin mallaka ake yaƙarsa, da wuta, da nakiya, daga baya da jirgin sama mai feshin guba a inda yake kwana. An kashe miliyoyi, shekara ta zagayo, ya dawo kamar ba a taɓa shi ba. A farkon shekarun 1960 wani matashin masani ɗan Ingila, Peter Ward, ya je yankin Tafkin Cadi da wata tambaya da ta yi kama da ta wauta a idon manomin da aka cinye wa gona: me jan-baki yake ci?

Aikin da ya yi ba na burgewa ba ne. Wata bayan wata yana samo tsuntsaye, yana farka 'yar jakar nan ta wuya inda tsuntsu ke tara abinci kafin ya wuce ƙundu, yana zazzage abin da ke ciki, yana tantancewa ƙwaya-ƙwaya. Yana auna kitsen jikinsu. Yana duba ƙasa ya ga irin tsabar da ta zuba. Sakamakon ya fito a Ibis a 1965, kuma abu na farko da ya nuna shi ne asalin abincin jan-baki 'ya'yan ciyawar daji ne, har da shinkafar daji da dawar daji da ke tsirowa a firƙi, wato baƙar ƙasar laka. Gero da dawa na gona ƙari ne, yakan faɗa musu in ya tarar da su a kan hanya suna madara, ko in na dajin ya yi ƙaranci.

Abu na biyu shi ya fi kama ni. Da za a tambayi mutum goma yaushe tsuntsun Sahel ke shan yunwa, tara za su ce da rani. Ward ya tarar da akasin haka. Da rani ƙasa shimfiɗe take da busasshiyar tsabar ciyawa da ta zuba tun kaka, jan-baki yana tsinta, ya je ya sha ruwa, ya kwana da ƙoshi. Ranar da ruwan shuka ya sauka, duk wannan tsaba sai ta tsiro lokaci guda. Cikin 'yan kwanaki daji ya yi kore shar, abincin kuma ya ɓace, sabuwar ciyawar ba za ta yi 'ya'ya ba sai bayan makonni shida ko fiye.

Manomi bai buƙatar a fassara masa wannan. Shi ma ba da rani rumbunsa ke ƙarewa ba. Sai an yi shuka, an yi noman farko, gona ta rufe, marka ta kankama, sannan uwar gida ke auna tsaba da tafin hannu ana cikawa da kwaɗon tafasa da rama. Mai wucewa a mota yana cewa ga albarka, mai gonar yana ƙirga kwanakin da suka rage a karya tumu. Yunwar jan-baki da ta mai korarsa a lokaci ɗaya suke zuwa, cikin kore.

Dabarar tsuntsun ita ce gudu, amma gudu mai lissafi. Ruwan farko yakan fito da shinge, sai ya cika ciki da shi ya tara kitse. Daga nan ya tashi ya yi kudu, ya tsallake zuwa inda damina ta riga ta sauka tun makonni, ciyawa ta fara fitar da kai. Can yake jira. Sannan ya juyo arewa yana bin sabuwar tsaba, har ya iske dajin ƙaya da ya dace, ya sauka ya yi sheƙa. Komai nasa a gaggauce yake. Namiji ya saƙa sheƙa cikin kwana biyu ko uku, mace ta yi ƙwai galibi uku, su fashe cikin kwana 10 ko kaɗan fiye, cikin mako shida an watse kamar kasuwar ƙauye da yamma. Dubban ɗaruruwan sheƙu a daji guda, kusan duk rana ɗaya suka fara. A 1971 Ward ya shimfiɗa wannan taswira ta tafiye-tafiyen jan-baki ga nahiyar baki ɗaya.

Daga nan ne ya faɗi maganar da ba ta yi wa masu feshi daɗi ba. In yunwar farkon damina da wahalar tafiya suna kashe ɗimbin jan-baki kowace shekara, to yawancin waɗanda aka fesa wa guba da rani dama ba za su kai baɗi ba. Waɗanda suka tsira sun sami ƙarin abinci, su hayayyafa su cike gurbin. Shawararsa ita ce a daina mafarkin ƙarar da jinsin, a tsaya ga garken da ke dab da gonar da ta kusa nuna, sauran a ƙyale su. Ga shi kuma gubar, wadda aka fi sani da fenthion, ba ta tambayar suna: shirwa da shaho da mujiya da suka ci gawar su ma sun tafi. Sauya lokacin shuka don amfanin gona ya nuna kafin garken ya iso, girbi da wuri, gero mai gashi da ke tsokane wa tsuntsu ido, kama shi da raga a soya a sayar kamar yadda ake yi a kusa da Njamena, duk sun fi dacewa da abin da ya gano.

Mu ma mun sauya wa tsuntsun lissafi da hannunmu. Bayan an gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya riƙa gudana a kwarin Haɗeja rani da damina. Ciyawar kacala ta mamaye hanyoyin ruwa, ta zama masauki mai tsaro. Noman rani ya kawo shinkafa da alkama a watannin da a da babu ɗanyen hatsi ko na magani. Wanda ya shimfiɗa tabarma ya ajiye ƙwarya, bai kamata ya yi mamakin baƙo ba.

Akwai wata tambaya da ta biyo Ward daga Tafkin Cadi: me ya sa miliyoyin tsuntsaye za su yi tafiyar kilomitoci kowace yamma don kawai su kwana wuri ɗaya? Shi da Amotz Zahavi, wani masani ɗan Isra'ila da ya shafe shekaru yana bin tsuntsayen hamadar Araba, suka kawo amsa a 1973. Suka ce makwancin wurin jin labari ne. A busasshiyar ƙasa abinci tsibi-tsibi yake, yau nan gobe can. Wanda ya wuni bai samu ba, da safe sai ya bi bayan waɗanda suka tashi kai tsaye ba tare da waiwaye ba. Duk wanda ya taɓa ganin 'yan ci-rani sun kwana a zaure ɗaya, da asuba marasa aiki sun bi wanda ya samo kwangilar haƙa, ya gane hoton. Har yau masana suna ja-in-ja a kan wannan ra'ayi, an sami hujjarsa a wasu tsuntsaye an rasa a wasu. Amma tambayar da ta tayar da muhawarar a ƙasar Barno aka haife ta.

* * *

A bazarar 1967 Fry da abokan aikinsa John Ash da James Ferguson-Lees sun kafa raga a Malam Fatori, a bakin tafkin, lokacin yana cike. Suna auna ƙananan tsuntsayen da kan zo mana ci-rani daga Turai, suna shirin komawa. Sun ga yadda suke dannar 'ya'yan bishiyar nan da ake sarar asuwaki a jikinta, irin wanda alhazai ke tsaraba, har wasu su kusa ninka nauyinsu. Kitsen shi ne guzurin tsallake Sahara.

Shekara biyu bayan haka, a 1969, masu ƙirgar tsuntsaye na sa kai a Ingila suka fita kamar yadda suka saba, suka tarar wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, mai nauyin giram 15 ko kusa da haka, ya yi ɓatan dabo. Kusan uku cikin huɗu ba su dawo ba. Sai a 1974 Derek Winstanley da Robert Spencer da Kenneth Williamson suka ɗaure zancen: daminar 1968 ta gaza a Sahel, guzuri bai samu ba. Wato tsuntsun ya kai labarin fari Turai shekaru kafin hotunan yunwar 1973 su isa jaridunsu. An iya karanta saƙon ne don akwai ƙirgar bara da ta bara waccan da za a gwada da ita.

Irin wannan ma'auni ne R. E. Sharland, wanda ya daɗe a Kano yana sa wa tsuntsaye zobe kuma yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masana tsuntsaye ta Najeriya a 1964, ya bar mana. Shi da Wilkinson sun buga jerin tsuntsayen Jihar Kano a mujallar Malimbus a 1981, lokacin Jigawa tana ciki. Mai karatu ya lura sunayen da nake ta jerowa duk na baƙi ne. Abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, don na san ba a gano sheƙa a dajin da ba naka ba sai da ɗan gari, maharbi ko makiyayi ko yaron da ya iya hawa. Saninsu ya shiga littafi, su suka tsaya a bakin ƙofa. An fara gyara wannan. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke dajin Amurum kusa da Jos ta yaye matasan Afirka ta Yamma da dama tun farkon shekarun 2000, kuma tun 2015 ake aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, wanda 'yan sa kai ke yi da wayar hannu, har da ayarin matasan Arewa. Sai dai filin ya tsuke. Malam Fatori ta zama sunan da ake ji a labaran yaƙi. Sambisa, kafin ta zama abin da ta zama, gandun namun daji ce.

Abin da ya rage a hannun mai zama a birni shi ne unguwarsa, kuma ba kaɗan ba ne. Ɗauki ungulu. Mundy da Cook sun yi nazarinta a Sakkwato lokacin da take cika kan rumfunan mahauta har ana korarta da sanda. A 2015 hukumar IUCN mai lura da halittun duniya ta sa ta a jerin waɗanda ke dab da ƙarewa. An san dalilan: farautarta don cinikin kai da ƙafa wajen masu tsibbu, guba, da sare manyan bishiyoyin da take sheƙa. Na tambayi mahauta uku a kasuwar Tarauni yaushe rabonsu da ita. Ɗaya ya ce tun zamanin Abacha, ɗaya ya ce ai bayan dawowar farar hula ma akwai ta, na ukun ya rantse ya ga guda biyu shekaran jiya, da na matsa sai ta zama shirwa. Dukansu sun fi ni sanin ungulu. Tsuntsun da suka yi shekaru suna wurga wa hanji ya fice daga rayuwarsu ba wanda ya riƙe ranar. Da wani ɗan makarantar sakandare ya riƙa tsayawa a bakin kwata kowace Asabar yana rubuta lamba ɗaya tak a bayan littafin lissafinsa, da yau wannan littafi ya fi ƙarfin kuɗi.

Nawa littafin na hankaka ba wani abin a zo a gani ba ne. Ƙarfen ya yi tsawo, ba a hango cikin sheƙa daga bene, kuma ban kai wautar hawa ba. Na dai rubuta ranar da jigilar ƙirare ta tsaya, da ranar da ɗaya ya fara zama ɗaya na yawo, da ranar da aka koma shigowa da abu a baki. Kowace safiya rabin awa, in ja layi duk sawun da aka kawo abinci. Na yi fashin kwana tara saboda zazzaɓi, ramin yana nan a tsakiyar shafi. Sau biyu na ƙirga sawu ɗaya sau biyu don wayata ta yi ƙara. Wajen kwana 40 da fara kai abinci, 'ya'ya uku suka fito suka jeru a kan ƙarfe, baƙi da farin ƙirji, ba mai dogon bindi ko tukku a cikinsu.

Na sauka da sauri na kira Baba mai gadi, na miƙa masa madubin. Ya juya shi ta kuskure, na gyara masa. Ya daɗe yana kallo.

"To Baba, ka gani? Uku ne, duk hankaki."

"Na gani, Malam." Ya miƙo mini madubin, ya gyara zaman hularsa. "Amma kana wurin aka yi ƙwan?"

"A'a."

"To wa ya ce maka na waɗannan biyun ne?"

Ya sauka abinsa. Na buɗe littafin, na rubuta tambayar tasa a ƙarƙashin kwanan watan, na bar shafi biyu fari don bazarar baɗi.